Yadda Inna Ta Sallame Mu Ɗaya Bayan Ɗaya

Ranar wata Talata a farkon damina, shekarar da na cika tara, aka kira sunayen waɗanda suka ci jarrabawar sartifika a filin lakwal, wato makarantar boko, ta Gidimuni. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, ni da Inna muna tsakar gida, tana surfen hatsi ina kore kaji daga bakin turmi. Sai muka ji ihun yara daga wajen gonaki yana matsowa, har suka faɗo gidanmu ɗauke da yayana Habu a kafaɗa, ƙafafunsa duk taɓo, takalminsa a hannu. A ƙauyenmu da ke gefen tafki shi kaɗai aka kira a shekarar. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga suna rangaɗa guɗa. Inna kuwa ko kai ba ta ɗaga ba, domin Habu ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, balle ta yi murna da shi a gaban jama'a. Abin da ta ce kawai shi ne, "Auta, ba yaron nan ruwa ya wanke ƙafa." Amma ni da nake tsugune kusa da ita na ga hatsin ya daɗe da surfuwa, tana ta dukansa har ya fara zama gari, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

Ban san Baba ba, ina rarrafe ya rasu. Ya bar wa Inna gonar hatsi a kan tudu, da lambu a bakin tafki, da mu uku: Habu, Lawali, sai ni Salamatu. Maza sun yi ta aiko mata da maganar aure bayan ta fita takaba, ta ce ita ta riga ta samu aikin yi. Gidan namu ɗaki biyu ne da rumbu da turken awaki, amma a lokacin ba ya rabo da hayaniya. Kafin rana ta fito yayyena sun sauka lambu suna ɗibar ruwa da gwangwani suna zuba wa albasa da rogo, ni kuma ina biye da su da kwanon koko, rabinsa ya zube a hanya. Daga nan mu wanke ƙafa a bakin tafki mu kama hanyar lakwal, muna shan raken da Lawali ya karyo a ɓoye. In hatsi ya fara nuna, ranakun da babu karatu a gona muke wuni muna korar tsuntsaye da gwangwanayen da aka ɗaura a igiya, muryoyinmu su dishe. Da yamma maza su yi langa a ƙofar gida har wani ya fasa gwiwa, mu mata mu yi carafke da duwatsun da na tara a gindin rumbu. Inna ta kan ce, "Wanda bai taɓa ruwan lambu yau ba, kada ya taɓa tuwona." Ba ta taɓa hana kowa tuwon ba. Tukunyarmu babba ce, kuma kullum sai an yi faɗa a kan ƙanzo.

Babu kolej kusa da mu a wancan zamani, saboda haka Mirriya aka tura Habu, ya sauka a gidan wani tsohon abokin Baba. Inna ta yi kwanaki tana soya ƙuli-ƙuli, ta daka yaji, ta ƙulla masa dabino a tsumma, ba ta ce masa komai ba sai, "A riƙe salla." In ya dawo hutu, ya kan zauna a inuwar rumbu yana karanta darasinsa da ƙarfi da Faransanci. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, amma sai ta kwaso wake ta zo tsincewa a bayan rumbun, wai wurin ya fi iska. Waken da za ta gama kafin azahar sai ya kai ta la'asar. In mata suka ce mata a bakin rijiya, "Ɗanki zai zama mushe," wato malamin lakwal, sai ta kau da kai ta ce Allah ya shirya na kowa, amma ranar tulunta ba ya yi mata nauyi, ina gudu-gudu nake cim mata.

Lawali shi lakwal ba ta karɓe shi ba. Bulalar mushe ta yi iya yinta, ya tsaya a aji huɗu. Sai dai hannunsa na da albarka, duk abin da ya taɓa ya gyaru. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya riƙe lambun shi kaɗai, har ya hau dabinon nan mafi tsawo wanda tun rasuwar Baba sai an roƙi wani yake hawa. Inna ta tsaya a ƙasa tana salati har ya sauko, sannan ta raba dabinon farko gida-gida tana faɗin wanda ya sauko da shi. Bayan kaka sai Kawu, ƙanen Baba, ya ce yaro mai hannu irin wannan bai kamata ya ƙare a ban ruwa ba, ya samo masa wurin koyon ɗinki a Damagaram. Na ɗauka Inna za ta ƙi, domin shi ne ƙarfin gidan. Sai ta ce, "Ya je." Da ƙaramar salla ya dawo da rigar farko da ya ɗinka da kansa, ta atamfa mai ruwan ganye, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Da yake shi ba ɗan fari ba ne, a kansa Inna ta huce duk abin da ta daɗe tana haɗiyewa. Babu suna ko bikin da ba ta sa rigar nan ba, kuma ba ta jira a tambaye ta. "Lawalina ne ya ɗinka," in ji ta, tana ɗaga dogon hannun a nuna wa kowa. Har rigar ta koɗe tana cikin kayanta.

Daga nan gidan ya zama ni da ita. Babbar tukunya ta koma bayan ɗaki a kife, aka ɗauko ƙarama, ƙanzo ya zama nawa ni kaɗai, sai na ji ba ya yi mini daɗi. Ɗakin maza muka mayar wurin ajiye albasa, tabarmarsu a naɗe a lungu. Da safe mu biyu muke ban ruwa, ba mu cika magana ba, sai ƙarar gwangwani da kukan tsuntsayen tafki. Hanyar lakwal da a da ban san tsawonta ba ta zama mai nisa. In na dawo nakan tarar da ita zaune a bakin murhu, abinci a rufe, ba ta ci ba tana jirana. Ranar da wata ya yi haske 'yan mata su kan kira ni gaɗa bayan magariba, in je in yi waƙa ɗaya in dawo, domin duk inda na tsaya ina hango ta zaune ita kaɗai da fitila. Sai ta yi mini faɗa, wai yarinya ba ta zama da tsohuwa kamar kaza a kan ƙwai. A lokacin ko furfura ba ta fara ba.

Shekarar da na cika goma sha huɗu na zauna jarrabawata. Ranar kiran sunaye ban je Gidimuni ba, na ɗauki fartanya na tafi lambu. A can ƙawata Hassi ta same ni tana haki, ta ce an kira ni, kuma Damagaram aka tura ni. Na zauna a gindin dabino na yi kuka har ya ishe ni. Da na koma gida na tarar da Inna ta riga ta ji, ta fito da wani akwatin ƙarfe da ban taɓa gani ba tana goge shi.

Na ce, "Inna, ni ba zan je ba."

Ta ce, "Saboda me?"

Na ce, "Wa zai taya ki daka? Wa zai kai miki ruwa lambu?"

Ta ajiye tsumman ta dube ni sosai. Ta ce, "Auta, tun kina aji uku na sayi akwatin nan na ɓoye a gidan Kawunki. Kina so in mayar da shi kasuwa in ce 'yata ta ci, amma ta zauna daka? Ban haife ku don ku tsare ni ba. Tashi ki zuba ruwa, tuwo na hucewa."

Da aka koma karatu ita ta ɗauko akwatin a kanta har bakin hanya, ba ta bar ni na karɓa ba. Da mota ta tsaya ta gaya wa yaron mota, ta gaya wa direba, ta gaya wa wata mata da ba ta sani ba cewa kolej za ni. Motar ta tashi, na leƙa ta taga na gan ta tsaye da gammo a hannu, ba ta juya ba har kwana ta raba mu. Sai bayan shekaru Hassi ta ba ni labarin cewa daminar da ta biyo baya Inna ta bar wa Kawu rabin lambun, kuma ta kan kira yaran maƙwabta su ci abinci da ita, domin in ita kaɗai ce ba ya shiga. Mu kuwa duk hutun da muka zo sai mu tarar da ita da fara'a, tana tambayar wanda ya zo na nawa, wanda ya koyi ɗinkin babbar riga. Da muka yi ƙarfi mun yi ta roƙon ta dawo birni, ta ce wa za ta bar wa awakinta. A ɗakinta na ƙauye ta rasu.

Yau ina koyarwa a wata lakwal a nan Damagaram, maigidana yana aiki a Difa, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Bana babbar 'yata Nafisa ta ci bak, jarrabawar shiga jami'a, ƙanenta Karimu kuma, da muryarsa ta fara buɗewa, shi ya ja mu salla a gida cikin azumi, ina bayansa na kasa riƙe idona. Shekaranjiya na raka Nafisa tasha ta shiga motar Yamai, za ta jami'a. Na dawo na tarar da Karimu a ɗakinsa, waya a hannu, kunnuwa a toshe. A gidanmu na da, in yaro ya tafi, aikin da ya bari ke tuna maka da shi, ka yi ta fama har gajiya ta ɗauke maka rabin kewa. A nan famfo na tsakar gida, injin niƙa na bakin layi, babu aikin da ke neman hannu biyu. Na share inda ba shi da datti, na zauna a kan kujera ina jin agogon bango. Ina alfahari da yaran nan ƙwarai, gidan ne dai ya yi mini girma.