Muryar da Na Ji Kafin Kwanar Gada

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za a tattara mu. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran bakaniken da muke kira Mai Kunne. A bayan motar asibitin da nake tuƙawa ya cika, kuma abin da ya hana ni yin shiru ke nan.

Mai Kunne, shekara ashirin da ɗoriya ina kawo maka mota, ban taɓa ganin ka fara da sifana ba. Kujerar gefen direba kake shiga, ka rufe ido, ka ce a murɗa sitiyari hagu, a dawo dama. Sai ka kwaikwayi kukan da bakinka, har mai motar ya yi dariya bai shirya ba. In ƙara ce siririya mai tsinin kunne, ka ce bel ya saki. In gurnani ne da ke ƙaruwa a kwana, ka buɗe murfin man sitiyari ka nuna mana kumfa, ka ce iska ta samu hanya. In ƙwal-ƙwal ce a kan gargada, ka ce mahaɗar taya ta gaji. Ba na mantawa da wata malamar makaranta da aka ce mata sai ta sauya famfon sitiyari gaba ɗaya. Ka ɗaure mata bel a tsaye, ka ce ta yi sauri kada ɗalibanta su watse.

Har motar da ba ta zo wurinka ba ba ta tsira. Kana zaune a kan bencin ƙofar gareji sai ka miƙe ka tare baƙo, ka ce man sitiyarinsa ya kusa ƙarewa. Wasu su gode, wasu su ɗauke ka mai neman kasuwa. Ba ka taɓa damuwa ba.

Ni ne na fi kowa taurin kai. Tun farkon watan Afrilu motar asibiti ta fara gurnani a kwanar hagu. Ka saurara, ka zura hannu ƙarƙashin injin, ka fito da yatsu jiƙe da mai. Ka ce, "Sarkin Gaggawa, tiyon man sitiyarin nan ya tsufa. Ka bar min ita wuni ɗaya in sauya shi, in ɗaga ta a jak in fitar da iskar." Na ce marasa lafiya ba sa jira. Ka ce, "To tiyo ma ba ya jira." Sau uku kana tuna min, sau uku ina ƙara mai ina cewa mako mai zuwa.

Ranar Talatar aka kira asibiti cewa wani ya faɗi a gareji. Da muka isa, ni da nas, muka tarar kai ne, kwance kusa da wata mota da bonet a buɗe, hannunka dafe da ƙirji. Muka sa ka a baya, nas ta zauna tare da kai, na kunna jiniya na taka mota.

Bayan azahar ne, rana na sama, titi fayau, babu abin tsoro ko kaɗan. Sitiyarin na ta gurnani har ina jin sa a tafin hannuna. Muna dab da kwanar da ke hawa gada, wadda na saba shiga a guje, sai na ji muryarka. Ba daga baya ta zo ba. Daga kujerar gefena ta zo, a natse, kamar kullum: "Sarkin Gaggawa, rage. Yanzu zai fashe." Ƙafata ta taka birki kafin in yi tunani. Ina shiga kwanar na ji fuf, warin ƙonannen mai ya cika motar, sitiyari ya sandare kamar an zuba masa siminti. Da ƙarfin kafaɗa na juya ta, gefenta na gogar ƙarfen gada. Da da gudun farko na shiga, da mu ukun muna cikin ruwa. Na waiga gefena, babu kowa sai gorar ruwan nas tana gangarawa a kan kujera.

Daga nan rarrafe muka yi. Tafiyar minti biyar ta ci mana kusan ashirin. A ƙofar asibiti na buɗe baya na ga an rufe maka fuska. Na ce wa nas ai yanzu ka yi min magana. Ta dube ni ta ce, "Malam, tun kafin mu fita layin garejin ya cika. Na buga maka gilashi, ba ka ji ba saboda jiniya."

Kwana tara ke nan ina juya maganar nan, kuma duk ɓangaren da na kama tsigar jikina tashi take. In nas ce da gaskiya, sakacina bai taɓa ajalinka ba, amma ban san wanda ya zauna a gefena ba. In kunnena ne da gaskiya, to da ranka ka iso gada, kuma mintunan da na zubar a kan tiyon da ka roƙe ni in sauya naka ne. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Sanin bai sauke min nauyin ba, kuma ina jin kunyarka ƙwarai.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa rayukan da ya tsare a kan titi su zame masa haske. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yansa, da 'yan'uwansa, da abokan aikinsa na gareji. Allah Ya ba ku haƙurin rashi.

Ke kuma uwargidansa, Yaya, ranar da na zo gaisuwa kin tambaye ni ko ya yi wata magana a hanya, na sunkuyar da kai na ce ban sani ba. Ga abin da na sani, ban rage komai ba. Ki karanta, in kin ga da laifina, ki yafe min saboda Allah, don shi ban samu damar roƙonsa ba.