Shinkafar Inna a Filin Lilo

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina a matsayin sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu a Talata Mafara, na je birni na ga wurin wasan yara, da lilo da bencina da furanni. Na dawo gida abin ya hana ni sakat. Akwai wani fili a bayan makarantar firamare da ya zama juji, sai muka roƙi mai unguwa ya ba mu. Ya amince, amma da sharaɗi: in wurin bai amfani jama'a ba, akwai wani mai buga bulo da ya daɗe yana nema, shi zai ba.

Muka yi gayya muka kwashe shara. Abokina mai walda ya haɗa lilo da tsofaffin bututun ban-ruwa, muka binne tayoyi muka shafa musu fenti, muka jera bencina a gindin darbejiya. A tsakiya muka yi daɓen siminti mai faɗi don yara su yi tsere ba fargabar ƙaya. Ni kuma, da yake ni ne mai boko, na kafa allo na rubuta da manyan baƙaƙe: AN HANA SHANYA.

Ranar buɗewa wuri ya cika. Daga ranar kuwa sai awaki. Manyan yara suna makaranta ko gona, ƙanana kuma ba mai barinsu su tsallaka titi su kaɗai. Na roƙi mahaifiyata ta riƙa kai 'ya'yana mata biyu da yamma, sai ta dube ni sama da ƙasa.

"In tai in zamna in yi mi? In kalli ƙarhe? Mutane su ce tsohuwa ta rasa aikin yi?"

Haka lilon ya yi ta tsatsa. Mai unguwa ya aiko mini cewa da an gama kaka zai zo da mai bulo su auna wurin. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na daina bi ta hanyar.

Sana'ar mahaifiyata turara shinkafa ce, ta shanya, a kai inji, ta sayar ranar kasuwa. A waccan shekarar shinkafa ta yi kyau, tsakar gidanmu ta yi mata kaɗan. Wata safiya abokina ya zo yana dariya ya ce in zo in ga ikon Allah. Ina isa na tarar da shinkafa malale a kan daɓen, daidai gindin allona. Mahaifiyata na kan benci da dogon kara tana korar kaji, 'ya'yana kuwa suna kan lilo suna ihu.

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na yi ƙasa da murya. "Inna, ba ki ga allon ba?"

"Na gani. Wa ar rubuta shi?"

"Ni ne."

"To, da tuwon shinkahwag ga mai rubutun yag girma. Matsa, kana tare mata rana."

Na matsa.

Kashegari maƙwabciyarmu ta kawo barkono, wata ta kawo kuɓewa. Ita shanya ba a barinta ita kaɗai saboda awaki, dole mai ita ta zauna gadi, kuma ba tsohuwar da za ta fito ta bar jikoki a gida. Kafin mako ya zagayo, yara layi suke bi kafin su hau lilo. Mai ƙosai ta kafa murhu a gefe. Da la'asar iyayen yaran su zo taya kwasa, hira ta riƙe su har kiran magariba.

A haka mai unguwa ya iso da mai bulo da igiyar awo. Aka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gida da gajiya da kaka. Da suka ɗaga ƙafa za su shiga, mahaifiyata ta miƙa karanta.

"Ranka shi daɗe, ku bi ta gehe, kak ku taka muna shinkahwa."

Ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya juya wajen mai bulo ya ce, "Malam, sai dai mu duba maka wani hili. Wanga da masu shi." Ni kuma ya ce in cire allona kafin ya ja mini baƙin jini.

Daga baya na gane inda na yi kuskure. Na kwaso hutun mutanen birni na kawo wa mutanen da ba su iya hutawa hannu sake ba. Mu nan sai da aiki a gaba ake sakin jiki a yi hira.

Bara na ɗora buhun masarata a babur na nufi filin don in shanya. Na tarar ba masaka tsinke, wata tsohuwa ta ce in dawo jibi, akwai mutane a gabana. Na juya da buhuna, ina tafe ina murmushi ni kaɗai har gida.