Hannun Sukur na Mati Bagobiri

Cikin duk shekarun da na yi ina tuƙa motar lafiya a nan Tawa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da munka ɗaura ma Kaka hannun sukur, wato tayar sauyi. Ku yaran yanzu kun tarar da motoci da tayarsu ta sauyi maƙale a baya tun daga kamfani, kuna ganin kamar haka anka halicce su. To ku gyara zama ku ji.

Kaka wata tsohuwar kat-kat ce fara, irin motar shiga daji, mai ƙyaure biyu a baya, ita ce motarmu ta ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka. Yadda tsarin yake, majon gidan likitan ƙauye, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, shi zai yi kira ta rediyon ofis. Likita ya sa hannu a takardar tafiya, shef na garaji ya ba da mai, ni shofer in ɗauki ma'aikaciyar jinya mu kama hanya. Wannan kuwa bayan an karya darajar kuɗin sefa ne, lokacin da albashi sai ya ga dama yake zuwa, yajin aiki yau, yajin aiki gobe. Sabuwar mota ko a mafarki babu. Kaka ce uwa, Kaka ce uba.

Ciwonta ɗaya ne. Asalin mazaunin sukur a ƙarƙashinta yake, rataye da sarƙa, duwatsun Adar sun daɗe da cinye shi. Sai anka koma ajiye tayar cikin mota, a kwance, a ɗora katako bisa, a ɗora gadon maras lafiya bisa katakon. In taya ta fashe a hanya, ba yadda za ka kai ga sukur sai ka sauke mutum ƙasa. Wata rana a hanyar Takanamat haka munka shimfiɗe wata tsohuwa a gindin aduwa, tana nishi, tururuwa na hawanta, ni ina jan taya. Madam Rabi, ma'aikaciyar jinyar da nake yawan fita da ita, mutuniyar Damagaram ce mai zafin zuciya. Ranar ma da ita muke. Da munka iso Tawa ta wuce kai tsaye wurin shef ta ce ita ba ta sake sauke ɗan Adam a ƙasa saboda roba.

Shef ɗinmu Hamani, Bazabarme ne daga wajen Dosso, ƙato, in ya zauna a kujera sai ta yi kuka. Mutumin kirki ne amma doka a bakinsa take. Ya bayyana muna cewa motar gwamnati ba a huda ta, ba a yi mata sudir, wato walda, sai an rubuta Yamai an samu izini. Kuma duk mun san takardar da ta tafi Yamai a wannan zamani, sai dai jikokinka su karɓi amsa. Madam ta fita fuu. Ni ma na juya zan bi ta, sai ya kira ni, ya sassauta murya.

"Isufu, doka ta ce kar a huda, ta ce kar a ƙona. Ni dai ban ga inda ta ce kar a ɗaura ba."

Ban ko tsaya cin abinci ba na ja Kaka sai rumfar Mati.

Mati Bagobiri ne daga wajen Maraɗi, mai sudir, amalanken jaki yake ƙerawa a bayan kasuwa. Na faɗa mashi sharaɗin: hannu nake so wanda zai riƙe taya a bayan mota, ya buɗe gefe kamar ƙyaure, amma wuta ba ta taɓa jikin Kaka, ba a kuma yi mata rami ko ɗaya. Ya ce wannan ai ƙa'idar Zabarmawa ce, a ce ka yi tuwo kar ka taɓa tukunya. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota. Na daɗe ina kallon ƙafafunsa, can sai na ji dariya daga ƙasa. Ashe a gindin shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da gangar mota, inda a da ƙugiyar jan tirela take, akwai ramuka na kamfani, lafiyayyu, laka ce kawai ta toshe su. Ya leƙo da fuska duk ƙasa ya ce in gaya ma Bazabarmen nan Turawa sun riga sun huda mashi.

A ƙyaure ba za a rataya taya ba, ku riƙe wannan. Ƙyauren tsohuwar mota ba ya ɗaukar nauyi bisa hanya mai gargada, wata ɗaya ya yage. Nauyi shasi ake ba. Mati ya yanko farantin ƙarfe mai kauri ya huda shi daidai da ramukan nan. Hannun kuwa da bututun wani famfon rijiya da ya mutu ya yi shi. Wurin juyawa shi ne abin da ya fi burge ni: ƙarfen da ƙafar amalanke ke juyawa a kai ya ɗauko, da rulmansa, wato ƙwallayen ƙarfen da ke sa shi juyawa, ya tsayar da shi a kan farantin. Ya yi sakata a ɗaya gefen, ya lanƙwasa guntun tsohuwar taya a mazaunin don kar ƙarfe ya dinga bugun ƙarfe. Duk sudir ɗin a ƙasa anka yi shi, nesa da mota. Kuran kuwa, wato lantarki, ya sha muna kai, ana fara aiki sai a ɗauke. Mu zauna mu sha shayi, da an ji yaran unguwa sun yi ihun an kawo wuta mu zabura. Ni da ba maƙeri ba, har gida nake kwana da zanen abin nan a kaina, uwargida ta ce ko kishin amalanke ya kama ni.

Ranar ɗaurawa da hantsi Mati ya turo kayan a amalanke har garaji. Munka ɗaga, ramuka sunka hau kan ramuka kamar tare anka haife su. Munka zura bulon, wanda mutanen Najeriya ke ce ma noti, munka tamke. Anka matsar da lambar mota gefe da waya don kar taya ta rufe ta. Mati ya ɗora sukur, ya ɗaure ta da bulon uku daga cikin nashi na amalanke, ya tura hannun da ɗan yatsa guda. Ya tafi sumul, ya dawo sumul, sakata ta ce ƙaras. Masu gadi, masu shara, har 'yan ofis sun fito kallo.

Shef Hamani ya zagaya, ya duƙa da ƙyar, ya tabbatar ba a huda ba, ba a ƙona ba. Sai ya ce shi fa bai yarda da aikin mai zane a fuska ba, wa ya san ko ramin farko zai zubar muna da taya. Kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme ba a fushi. Mati ya cire hula ya ce shi a rumfarsa ba ya sallamar amalanke sai ya ɗora mashi kaya mafi nauyi da ke kusa, kuma ya duba garajin nan kaf bai ga buhun da ya kai shef ba.

Da wani ne ya faɗi haka da ya kwana a waje. Amma taubashi ne ya faɗa, ba yadda shef zai yi. Ya tuɓe takalmi, ya tattare riga, munka tallafa mashi ya hau bisa tayar ya zauna, ya rungume ta da ƙafafu. Mati ya zare sakata ya tura. Shef garaji guda, mai sa hannu a takardun gwamnati, ya tafi a iska ya dawo, yana salati yana zagin Gobir da kakanninta. Mutane har da masu faɗuwa ƙasa don dariya. Hannu ko gezau. Madam Rabi ta shiga bayan mota, ta cire katakon nan ta jefar waje, ta shimfiɗa gado a daɓe sosai, ta kwanta a kai da kanta ta gwada. Ranar na fara ganin haƙoranta.

Ba mu gama murna ba kira ya shigo daga Tebaram. Wani mai haƙar rijiya, Alhasan, igiya ta tsinke da shi ya faɗa da baya. Majo ya ce yana jin ƙafafunsa, yana motsa yatsu, amma bayan ba ya taɓuwa. Bayan azahar muna can. Anka ɗaure shi a kan ƙyauren ɗaki, anka zura shi cikin Kaka, ga wuri wadatacce. Matarsa Hawa ta zauna a gefe. Kafin in tada mota Madam ta riƙo hannun rigata ta ce in ji da kyau: daga nan har asibitin Tawa ba mai ɗaga mutumin nan, ba mai girgiza shi. In ƙashin ya goce, shi da tafiya har abada.

Na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. Kowane rami sai na gaishe shi kafin in shiga. Ina leƙa madubi ina ganin sukur tsaye a baya, raina fari tas. Mun yi nisa, ba gari gaba ba gari baya, sai na ji bayan mota ya zauna gefe guda. Kututturen ƙaya ya yanka tayar baya.

Ku yarda da ni, da na sauko har wani daɗi nake ji. Na ce yau za a ga aiki. Na ce ma Madam kowa ya zauna inda yake. Na ɗauko kilen taya na mota, wato sifana, na ɗora a kan bulon na sukur, na murɗa. Ya juya a banza. Na gwada na biyu, haka. Bulon ɗin Mati na amalanke ne, kansu ya fi na Kaka ƙanƙanta, shi kuma da kilensa ya tamke su, kilen yana can rumfarsa a Tawa. Ga taya a gabana, cike da iska, ina taɓa ta, ba ni da ikon cire ta.

A hanyar nan kana iya wuni ba ka ga mota ba. In kuwa na ja Kaka a kan ƙarfe, kowane dutse a bayan Alhasan zai sauka. Na zazzage akwatin kayan aiki. Na samu wani kile mai buɗaɗɗen baki da ya kusa, amma shi ma ya ɗan yi yawa, yana zamewa. Abin da ake yi a nan, a cusa ɗan ƙarfe siriri tsakanin baki da bulon ya cike gurbin, kuma ba abin da ya kai kuɗin ƙarfe dacewa. Na lalube aljihuna, wayam. Na leƙa na tambayi Madam ko tana da dala. Ta juye jakarta: auduga, almakashi, alƙalami. Ta dube ni na dube ta. Ma'aikatan gwamnati biyu, da mota da takardar tafiya, ba mai dala guda.

Hawa ba ta san me za mu yi da kuɗin ba. Ta dai ji ana cewa dala. Ta kwance bakin zanenta a hankali ta miƙo mani, ta ce, "In ba ta isa ba ku yi haƙuri, ita ke gare ni."

Na cusa dalar, na dafa kile, na yi bisimilla na taka da ƙafa. Ya ce ƙiiƙ, ya saki. Na yi kabbara da ƙarfi har Madam ta ce in rufe mata baki kar in firgita maras lafiya. Na biyu ya saki. Kafin na uku dalar ta lanƙwashe, na juya ta ɗaya gefen, shi ma ya bi 'yan'uwansa. Na sa katako ƙarƙashin kirik, wato jak, saboda rairayi, na dinga ɗaga mota kaɗan-kaɗan, Madam na riƙe da kan Alhasan da hannu biyu, tana ce mani tsaya, ci gaba, tsaya. Na canza taya, na sauke mota yadda na ɗaga ta. Kafin magariba muna ƙofar asibiti, mutum yana kwance yadda anka kwantar da shi a Tebaram.

Washegari na je na sauke ma Mati kwandon faɗa. Ya saurara har na gama, ya ce laifin Bazabarme ne, nauyinsa ya ɗauke muna hankali. Amma ranar bai taɓa aikin kowa ba sai da ya sauya bulon ukun nan da irin na ƙafar Kaka, ya sa ni na kwance na ɗaure da kilena a gabansa.

Alhasan ya daɗe a kwance. Likita ya ce ƙashin ya tsage amma bai goce ba. Bayan damina na je Tebaram kai allurar rigakafi, sai ga mutum ya taso daga rumfar kasuwa yana dogara sanda, da ƙafafunsa, ya zo ya kama hannuna. Ya ce Hawa ta ba shi labari wai an canza taya yana cikin mota, shi kuwa bai ji komai ba, yana son ya ji daga bakina ko gaskiya ne. Na ce gaskiya ne.

Abin da na koya ke nan. Mun gwada ƙarfin hannun nan da mutum mafi nauyi a garaji, gari ya shaida, amma ba wanda ya gwada shi yadda za a buƙace shi: shofer shi kaɗai a daji, da kayan da ke cikin motarsa, da ran wani a baya. Aikinmu ba a gaban 'yan kallo ake cin jarrabawarsa ba. Kuma wanda zai cece ka a hanya, sau da yawa ba ka ko tambayi sunansa ba lokacin da ya shigo motar.

To shayi ya ƙare. Kowa ya tashi ya ɗauko kilen motarsa, ya kwance sukur ɗinsa a gabana in gani.