Amshin da Baba Ya Yi a Saman Gida

Madogarata a wannan rubutu biyu ce: abin da na riƙe tun ina ƙarama, da abin da Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta yarda ta faɗa. Shekarar ba ta tabbata ba. Na san dai muna zaune a unguwar Mahjar a Jidda, kuma ba a sa ni makaranta ba tukuna.

Bayan magariba Kaka, mahaifiyar Baba, takan hau da mu saman gida, ta hura gawayi a kasko, ta barbaɗa turare. Tatsuniyoyinta duk masu waƙa ne, kuma ba ta lamuntar amshi ƙasa-ƙasa. Sai da na girma na gane dalili. A ɗakin ƙasa mata ke taruwa, Hausawa da 'yan Sudan da Habashawa, yawancinsu masu aikatau. Sukan buɗe da salati, sannan su kira iskoki, namu na bori da nasu na zar, a zama ɗaya. Ganga ba ta kaɗuwa a unguwar, don haka sukan kifa ƙwarya a ruwa su lulluɓe ta da tawul. Muryoyinmu ne ke rufe sauran ƙarar.

A yammacin da nake nufi, Umma ce a tsakiyarsu, saboda ciwon kai da ya ƙi jin magani. Baba kuwa ya riga ya rantse: ran da ya san ta shiga wajen matan nan, a bakin aurenta.

Kaka na cikin labarin wata iska da ta ɓuya a kayan mahajjata ta ƙetare teku. Ta sauka Jidda ba kafili mai tsaya mata, ba masauki, tana bin kawunan mata tana ƙwanƙwasawa. Sai muka ji takun Baba a matakala. Ya taso aiki da wuri.

"Inna, ina uwar yaran nan?"

Kaka ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. "Kai wannan, zauna. Ko ka fi ƙarfin tatsuniyar uwarka?"

"Kamar ina jin…"

"Kana jin 'ya'yanka suna amshi kamar ba su ci abinci ba. Yalla, maza ku ɗaga murya!"

Muka ɗaga. Amma bugun ƙwaryar yana ratso siminti har tafin ƙafata, kuma Baba ba takalmi a ƙafarsa. Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙasa. Sannan ya zauna, ya karɓi amshin da murya wadda ta danne tamu duka, har aka kai inda wata tsohuwa ta ce wa iskar, "Shigo, amma a gidan nan ana salla," iskar ta ɗaura alwala.

Auren bai mutu ba. Umma ta samu sauƙi, ko da yake ba zan iya danganta sauƙin da wannan zama ba. Ita a yau cewa take addu'a ce kawai aka yi mata. Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar game da baƙo ne da sharaɗin masauki. Yanzu mutumin da ya zauna ya fi tsaya mini a rai.

Gwaggo ta dage cewa bai ji komai ba. Ya rasu ban tambaye shi ba. Shin Baba ya ji kiɗan nan, ko bai ji ba?