Kurnar Inna

Makon jiya wasu masu bincike suka zo ƙauyenmu kusa da Alela, suna tambayar mata yadda ruwa ya ja baya a rijiyoyinmu. Muka shimfiɗa musu tabarma a inuwar kurnar ƙofar gida. Wata budurwa cikinsu ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya shuka wannan?" Sai na ji idona ya cika.

Kakata ce, wadda muke kira Inna. Ba ta taɓa yin alwala a ko'ina ba sai a gindin wani tsiro.

Shekarar da tabkinmu ya ƙafe tun kafin kaka, ni ke bin jaki zuwa rijiya mai nisa, in dawo da rana tsaka ƙafafuna na zafi. Ran nan na iske akuya ta cinye ganyen kurnar, lokacin tana ƙaramin tsiro, saura tsinke. Inna na tsugune a kansa da butarta.

"Inna, wanga icce ya mutu," na ce. "Ki taho inuwa."

"Ɗiyata, ba a yi mai jana'iza ba tukun," ta ce, tana dariya. "Ruwan da ya wanke ni, shi ma ya sha."

Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan, da ɗigar ruwa daga gwiwar hannunta. Ta kewaye tsinken da ƙaya. Da damina ta faɗi ya yi toho, amma ba ta kai ga cin 'ya'yansa ba.

Allah ya sanyaya makwancinki, Inna, ya shayar da ke ruwan Alkausara.