Ovila Tessier, Mai Tsayuwa a Karkace

Ranar Talata, sha biyu ga Fabrairun 1957, 'yarka Irène ta aiko mini cewa ka cika da hantsi, Ovila, kana zaune a kujerarka kusa da murhu. Cikin mu bakwai da muka fara buga hokin ƙanƙara a matsayin sana'a a garin nan, yau saura ni kaɗai, kuma ba ni ne na fi cancanta ba.

Yaran yanzu ba su san yadda muke tsayuwa ba. A zamaninmu masu tsaron baya biyu ne, ɗaya a gaban ɗaya, a miƙe kamar layin coci: ni a gaba, kai a bayana, sai gola Con Feeney a bakin raga. Ba a canja ɗan wasa sai ya karye. Gola ba abin rufe fuska, doka kuma ta hana shi durƙusawa. In faifan roba, wato ƙwallon wasan, ya taho ta ƙasa, kai ne mai zubewa ka tare shi da haƙarƙari. Matarka Blanche takan ce ba ta taɓa ganin ainihin launin jikinka ba sai bazara.

Wata shekara muka dawo wasa, sai ka bar layi, ka koma hagu da Feeney ka kafe. Koci ya yi faɗa har murya ta dishe. 'Yan kallo, mahaƙan azurfa da ba sa tauna magana, suka sa maka suna Karkace. Wani ya taɓa ƙwala maka daga sama cewa ko ƙafarka ɗaya ta fi ɗaya tsawo ne? Ka ɗaga masa sanda kamar ya yabe ka.

Ni ma na zage ka, sai da na lura cewa duk abin da ya zo ta hagu, Feeney ba ya motsawa sai ya wuce shi. Tsakuwa ce ta shiga idonsa na hagu a ramin haƙar azurfa, idon ya mutu amma bai nuna ba. Da koci ya sani, da an sallame shi, ramin ma ba zai karɓe shi ba, ga yara huɗu a gida. Na tare ka a ɗakin sauya kaya na ce na gane. Ko kallona ba ka yi ba, kana ɗaure takalmi ka ce, "Ka gane me, Eusèbe? Ƙanƙarar can gefen ta fi laushin faɗuwa. Kula da gabanka, tsoho."

A ƙarshen sanyin nan wani mai neman 'yan wasa ya zo daga birnin Montreal don ya ga wasanka, kowa ya san da zuwansa. Na roƙe ka ka tsaya a layi, yau ɗaya tak. Ka ce to. Aka busa usur, ka sulala hagu abinka. Mutumin ya ce ƙarfi kam akwai, amma babbar ƙungiya ba ta ɗaukar wanda bai san wurin tsayuwarsa ba. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Ba ka ƙara tada zancen ba, a nan ka ƙare wasanka, ka koma sassaƙar katako.

Feeney ya ci gaba da tsaron raga har ya gaji don kansa ya ajiye. Bai taɓa gode maka da baki ba, kai ma ba ka ba shi hanya ba. Amma da aka haifa masa ɗa na biyar, Feeney, mutumin Ailan, ya tsaya gaban Fada a coci ya ce sunan yaro Ovila, sunan Faransawa irinmu. Fada ya tambaye shi sau biyu. Da labari ya iso maka sai ka ce, "Kai, me yaron ya yi masa?"

Wannan yaron, wanda yanzu furfura ta fara masa, shi ya tona maka kabari ranar Juma'a. Ƙasa ta daskare kamar dutse, aka ce a ajiye akwatin sai ta narke kamar yadda aka saba. Ya ƙi. Ya hura wuta a kan wurin, ya ɗauki digar mahaifinsa, bai bari kowa ya karɓe shi ba.

Ubangiji ya ji ƙanka, Ovila, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurin da ba wanda zai ce ka gyara tsayuwa. Blanche, Irène da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya tsaya muku ta gefen da ba ku gani. Mu da muka rage, ya sa mu cika da kyau.