Tabon Rana a Kan Farin Zanena

Da aka kawo ni gidan Malam a Ƙarfi, abin da na fara tararwa huda ce a jinkan ɗakinsa. Na ce a toshe kafin damina, ya ce da hannunsa ya yi ta. Ya sami busasshiyar fata, ya huda ta da allura, ya liƙa a wurin. Idan rana ta ɗaga sai ya saki asabari, ɗaki ya yi duhu, haske ya sauko ta hudar ya kwanta a ƙasa, kewayayye kamar bakin ludayi. A nan yake shimfiɗa farin zanena, wanda na kaɗa zarensa da kaina, ya durƙusa yana kallo. Na yi faɗa har na gaji.

Wata rana ya ce, "Zo ki gani." A cikin hasken akwai ɗigo baƙi, kamar ƙwayar gero. Na kai hannu in kakkaɓe, ya yi dariya ya ce a jikin rana yake. Kullum ɗigon yana matsawa kaɗan, har ya kai gefe ya ɓace.

Sai ya ba ni labari. Yana saurayi a Gozaki, dawa na fidda kai, ya ga manyan tabo a fuskar rana dab da faɗuwarta, ba a daɗe ba kuma sama ta yi ja wur bayan sallar magariba. Mutane suka yi ta salati, shi kuwa tambaya ce ta kama shi: tabon ne ya jawo jan, ko haɗuwa suka yi kawai? Burinsa ya sake gani da idonsa kafin ya mutu.

Idon ne ya riga shi tafiya. Kallon rana da ya yi ta yi da ƙuruciya bai bar shi haka ba, a hankali ganinsa ya dushe, har ya zamo ba ya bambance ni da turmi. Ni da nake mita, ni na koma durƙuso a kan zanen, yana tambaya ina faɗa masa. Bai taɓa yarda in ce "kamar jiya" ba, sai na auna da sillen kara. Wannan naci nasa yana ba ni haushi, kuma shi ne abin da na fi so a wurinsa.

Wani rani, an gama tsinkar auduga, na ga tabo manya sun taru wuri guda. Malam ya kasa cin tuwo. Ana cikin jiran ko sama za ta sake yin ja, wata magariba ina kwashe kwanuka sai na ji ihu a waje. Arewa ta yi ja kamar garwashi. Maza suna neman kwari da baka, wai mahara sun sa wa wani gari wuta.

"Fitar da ni," in ji Malam.

Na riƙo hannunsa zuwa tsakar gida. Ya ɗaga kai yana fuskantar kudu, sai da na kama kafaɗunsa na juya shi. Hawaye suka zubo mini.

"Akwai hayaƙi?"

"Babu, Malam."

"Ana ganin taurari ta cikinsa?"

"Ana gani."

Na ce, "To, magana ta fito. Gobe ka faɗa musu a masallaci tabon rana ne ke kawo shi."

Ya girgiza kai. "Sau biyu ke nan. Sau biyu bai isa mutum ya ce ya sani ba."

"Malam, idonka fa ka bayar!"

"Na bayar," ya ce. "Ci gaba da faɗa mini, kafin ya dushe. Jan ya kai ina yanzu?"